Haƙoran Inna

Lahadi, 9 ga Maris

Auta,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ya gajiyar jarrabawa? Mu nan lafiya lau.

Bari in fara da saƙon Inna, don ga ta nan zaune a bakin gado ta riƙe gefen zanena, wai kada in rage mata ko kalma ɗaya. Ta ce a gaishe ki. Ta ce ki daina wanka da ruwan sanyi da sassafe. Ta ce kina cin abinci kuwa? Wai muryarki a wasiƙar da ta wuce ta yi mata kama da ta mai jin yunwa. Na ce, Inna, muryata fa kika ji, ni na karanta miki. Ta ce in rufe mata baki, ita ta san muryar 'yarta. Laifina ne, ni na saba mata. Tun da idonta ya tafi, in Direba, mai motar da ke zuwa garinku, ya kawo takardarki sai in maƙe murya in yi irin maganarki, har da 'yar in'inar nan taki. In na karanta da muryata sai ta ture hannuna ta ce a sake. Waya kuwa har yanzu ba ta so. Ta ce iska ce, ba a sa ta ƙarƙashin matashi.

To, ta kwanta, saura nawa.

Mai Haƙora, maigidana da ya koya mini haɗa haƙoran roba, ya aiko mini da takarda. Hannunsa ya fara rawa, Auta. Ya ce shekaranjiya ya ɗauko haƙorin gaba zai dasa a kakin da muke jera haƙora a kai, sau uku yana faɗuwa. Ya yanke shawara ƙarshen watan Yuni zai ajiye aiki. Ya ce bencina na bakin taga yana nan yadda na bar shi, bai bari kowa ya zauna a kai ba shekara uku, har magagarina na goge haƙora yana cikin aljihun tebur. In na iso kafin ɗaya ga Yuli, ni zai miƙa wa makullin shago. In ban iso ba, dole ya ba mijin 'yarsa, wanda in ya jera wa mutum haƙora sai ki rantse na akuya ya ara.

Kin tuna dai yadda muka yi a ɗakin nan. Idon Inna ya tafi a watan da takardar makarantarki ta fito. Kika yi ta kuka kina cewa kin fasa. Na ce a'a, ni na yi shekara huɗu ina koyon sana'ata, hannuna ba zai manta ba. Ki je ki yi shekara ukunki, ki dawo ki kama aiki a ofishin ruwa na nan, ni kuma in koma bencina. Kika ɗora hannu a kan nawa. To ga ukun sun cika, alhamdu lillahi, kuma sun cika a daidai.

Jiya na sake ƙara wa haƙoran robar Inna ciki, sun yi mata yawa. A kicin na yi, a kan murfin tukunya, da sauran garin robar da na taho da shi daga shago. Da kin ga yadda suka zauna! Har na tsaya ina kallon hannuna kamar na wani.

Ki faɗa mini ranar da za ki taso, in sa a gyara ƙafar gadonki.

Yayarki

Asabar, 22 ga Maris

Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, da fatan ku ma haka. Ki ce wa Inna ina cin abinci har siket ɗina ya daina rufuwa, kuma ruwan zafi nake wanka da shi. Wannan na biyun ƙarya ne, amma ki karanta mata shi haka.

Yaya, na ci! Ni ce ta biyu a ajinmu. Amma ba wannan ne labarin ba. Ran Talata aka sa kowa ya tsaya ya yi bayanin aikinsa na ƙarshe a gaban mutum arba'in. Kin san ni. Ni da ko gishiri aka aike ni saye sai in tsaya a bakin shago ina haɗiyar yawu har mai shago ya gaji ya ce in nuna da hannu. Na hau dandamali, na buɗe baki, sai kawai magana ta zo. Minti ashirin, Yaya, ban sarƙe ko sau ɗaya ba. Da na sauko na shiga banɗaki na yi kuka.

A cikin masu sauraro akwai wata mata da muke kira Mai Tabarau, ita ce shugabar babban ɗakin awon ruwa na nan. Ta tare ni a baranda ta ce tana so in yi aiki da ita. Da kin ga wurin! Injina jere, kwalabe ɗari-ɗari kowace da lambarta, ko ƙura ba ta isa ta shiga ba. Abin da muke karantawa a littafi, can ana taɓa shi da hannu. Ofishin ruwan da ke wajenmu kuwa kin san shi: tebur biyu, famfon da ba ya kawo ruwa, da injin da ya mutu tun ina firamare. In na zauna a nan, in'inata ma dawowa za ta yi.

Shekara ɗaya tak ta ce. In na yi ta, duk inda na je da takardar za a buɗe mini ƙofa.

Ban manta alkawarinmu ba, wallahi ban manta ba, shi ya hana ni amsa mata nan take. Amma na yi tunani, Mai Haƙora ai kamar uba yake a wajenki. Mutumin da ya jira shekara uku, ɗaya za ta gagare shi? Ya bar surukin ya riƙe shagon kafin ki zo mana. Kuma tunda Inna lafiyarta lau, in ban da idon, Maman 'Yan Biyu ta maƙwabta tana iya leƙa ta ki riƙa zuwa shagon ko sau ɗaya a wata, kada a manta da fuskarki.

Na yi dariya da maganar haƙoran Inna. Wato kin mayar da bakinta benci! Kowace wasiƙa sai kin ƙara musu ciki. Ki bar baiwar Allah ta huta, hannunki ba zai manta ba.

Yaya, ki faɗa mini gaskiya. In kin ce in taho, zan taho. Mai Tabarau ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Autarku

Alhamis, 27 ga Maris

Auta,

Salam. Mun samu takardarki. Allah ya sanya albarka a sakamakon, na yi murna. Inna ma ta yi murna, sau uku ta sa na karanta mata wajen da kika yi magana a gaban mutane. Tana lafiya lau, ta ce a gaishe ki.

Maman 'Yan Biyu tana da nata aikin. Shagon kuma tafiyar awa biyar ce, ba a leƙa shi a dawo.

Maganar aiki, ke ba yarinya ba ce. Ki yi abin da ya fi miki.

Yayarki

Laraba, 9 ga Afrilu

Yayata, uwata, komai nawa,

Da fatan kuna lafiya. Ni kam lafiya har ta yi mini yawa.

Na san za ki fahimta! Da na karanta inda kika ce in yi abin da ya fi mini, sai da na rungume takardar. Babu mai Yaya irin tawa. Na sa hannu ran Litinin, talatin da ɗaya ga Maris. An ba ni farar riga da tebur nawa na kaina, har da ɗan katin da ake maƙalawa a ƙirji. Jiya Mai Tabarau ta sa na nuna wa wasu sababbi biyu yadda ake ɗibar ruwa ba tare da yatsa ya taɓa bakin kwalba ba. Ni, Yaya! Ni ce nake koya wa mutane, suna cewa to, to.

Na kama ɗan ɗaki kusa da wurin aiki. Taga ɗaya ce, kuma bangon wani take kallo, amma in na rufe ƙofa babu mai kiran sunana. Ban taɓa sanin haka shiru yake da daɗi ba.

Ga man shafawa nan na ba Direba, na hannu ne, an ce yana hana kaushi. Na Inna kuma ɗankwali ne mai laushi. Ki gaya mata shuɗi ne, irin wanda take so. Ki gaishe da Mai Haƙora in kin rubuta masa, ki ce Auta ta ce ya ƙara haƙuri kaɗan.

Autarku

Juma'a, 18 ga Yuli

Yaya,

Salam. Lafiya kuwa? Wannan ce takarda ta huɗu da na aiko ban ga amsa ba. In na kira waya, sai ki ce kina wanki, ko Inna tana barci kada a tashe ta, ki kashe. Na tare Direba a tasha na tambaye shi, ya ce yana dai miƙa miki takarda ta ƙofa, kina cewa a gaishe ni.

In wani abu na yi, ki faɗa. Ba na son irin wannan shirun naki, tun muna yara na tsane shi. Gara ki zage ni.

Ni ina nan lafiya. An ƙara mini aiki, yanzu ni nake duba sakamakon sashenmu kafin ya fita. Ya jikin Inna? Ɗankwalin ya yi mata? Ya kuka ƙare da Mai Haƙora, ya yarda zai jira?

Don Allah ki amsa ko layi biyu ne.

Auta

Talata, 5 ga Agusta

Auta,

Wa alaikis salam. Kin ce gara in zage ki. To zauna.

Wannan takardar ba a gaban Inna nake rubuta ta ba, don haka babu lafiya lau a cikinta.

Kin tambayi Mai Haƙora. Ɗaya ga Yuli ya miƙa makulli ga mijin 'yarsa, kamar yadda ya faɗa. Mutumin da hannunsa ke rawa ba ya jiran takardar kowa ta cika. Ya aiko mini da magagarina a naɗe cikin jarida, ko kalma bai rubuta ba. Na san kunya ce ta hana shi, shi da bai yi laifin komai ba. Benci na bakin taga kuwa, an ce surukin ya ɗora rediyo a kai.

Tare da wannan takardar akwai ɗan gwangwani. Ki buɗe. Haƙoran Inna ne, na sama. Ba ta sa su yanzu, don babu abin da take taunawa. Ke ma'aikaciyar awo ce, to ki auna. Ki juya su ki kalli cikin, wajen da ke zama a kan dasashi, ki kai su bakin wannan tagar taki. Za ki ga launin ba ɗaya ba ne, wani ja-ja, wani fari-fari, don garin da na taho da shi ya ƙare na koma haɗe-haɗe. Ki ƙirga. Shimfiɗa shida ce.

Kin san me ke sa haƙoran roba su yi wa mutum yawa? Roba ba ta girma, Auta. Mutumin ne yake ƙarewa. Duk shimfiɗar da kika gani, Inna ce ta rame har dasashinta ya janye, suka fara faɗowa cikin kofin shayi. Sau shida na rubuta miki cewa sun yi mata yawa. Ke kuma kika yi dariya, wai na mayar da bakinta benci. Na karanta wannan layin a tsaye a bakin ƙofa, na ji kamar an watsa mini ruwan wanki a fuska.

Bari in gaya miki lafiya lau ɗin. Tun bara ƙafarta ta hagu ta daina ɗaukarta. Ni nake ciccibarta zuwa banɗaki, kuma yanzu ba ta kai nauyin bokitin ruwa biyu ba. Zanen gado sau uku nake wankewa a rana. Ayaba nake murƙushewa da cokali, in yi awa guda ina lallashi kafin ta karɓi rabi. Likita ya ce tsufa ne da ciwon da ba ya komawa baya, a dai kula da ita. Man da kika aiko na gode, amma yatsuna uku na dama sun daina jin abu sosai saboda ruwa da sabulu. Ran nan na ɗauki allura ban san na ɗauka ba. Aikinmu kuwa da kan yatsa ake jin sa, ba da ido ba.

Kin ce in na ce ki taho za ki taho. Haba Auta! Sai na ce? Ranar da kike kuka a ɗakin nan, ke kika ce mini in bar bencina? Ba ki roƙa ba. Na duba na ga abin da ke gabanmu, na tashi na yi. Ni kuma sai na durƙusa na roƙi abin da yake nawa? Kin ɗora hannunki a kan nawa. Ban san alkawari yana bukatar a sake aika masa takardar gayyata ba.

Da na rubuta ki yi abin da ya fi miki, ba da zuciya ɗaya na rubuta ba. Layi nawa ne a takardar nan? Yaushe na taɓa rubuta miki wasiƙar da ba ta cika shafi ba? Kin sani sarai. Kin ga ƙofa a buɗe ne kika bi, ba ki tsaya duba wanda ya maƙale a bayanta ba. Har da rungume takarda!

Kuma ki sani, Inna ba ta san kin kama aiki ba. Wasiƙunki gyara su na riƙa yi in ina karantawa. Ce mata na yi kina nan tafe, takardu kawai kike jira a sa wa hannu.

Ina jin haushinki, Auta. Ina jin sa da safe, ina jin sa in ina shanya. Ina taya ki murnar shirun ɗakinki.

Yayarki

Lahadi, 10 ga Agusta

Yaya,

Salam. Gwangwanin ya iso. Na kai su bakin taga na ƙirga. Shida ne. Ban je aiki ba ranar, kuma har yanzu in na rufe ido su nake gani. Innalillahi. Inna tawa.

Na yi laifi, ba zan musa ba. Kin yi gaskiya, da na ga gajartar takardar nan wani abu ya taɓa ni a ƙirji, na danne shi don ina son aikin. Ina son sa har yanzu, ba zan yi miki ƙarya ba. Shi ne wuri na farko a duniya da ba a ƙarasa mini magana in na fara.

Amma ni ma ki saurare ni. Wasiƙunki suna nan cikin akwatina, talatin da huɗu. Jiya na baje su a gado. Kowace ɗaya, Inna lafiya lau. Kowace ɗaya! Hutun da na zo bara, kwana huɗu na yi, kika ce ƙafar sanyi ne ya kama ta, kika hana ni shiga in kina yi mata wanka, wai in je in yi karatu. Ƙafar uwata ta mutu shekara guda, ni ban sani ba. Wa ya ba ki ikon ɓoye mini? Ke kaɗai ta haifa? Ni ruwa na karanta, Yaya, ban karanta haƙora ba. Ta ina zan san abin da shimfiɗar roba take nufi? Kin rubuta mini ciwon Inna da yaren da ke da Mai Haƙora kaɗai kuke ji, sannan kina fushi ban gane ba.

Haka kike tun muna yara. Ki ɗauki kaya mafi nauyi, a ce kawo a taya ki, ki ce bar shi, sannan ki kwana uku ba kya yi wa kowa magana. Kin fi son a gan ki kina wahala a kan a taimake ki. Kalma ɗaya na roƙa a watan Maris. Taho. Harafi huɗu. Da kin rubuta ta, da yau kina bakin tagarki, ni kuma ina jin haushinki a ofishin ruwa, amma da Inna tana da mu biyu. Girman kanki ya ci bencin nan kamar yadda son raina ya ci shi.

Na faɗa, kuma ban janye ba. Amma ki yafe mini nawa.

Na je wajen Mai Tabarau. Ta ba ni hutun sati biyu, ta ce in na wuce haka ba za ta iya riƙe mini tebur ba, akwai masu jira. Zan shigo motar Direba ta ran Asabar, sha shida ga wata. In na zo ma zauna mu ga yadda za a yi. Kada ki gaya wa Inna, ina so in ba ta mamaki.

Ƙanwarki

Juma'a, 15 ga Agusta

Auta,

Salam. Na ba Direba wannan na ce ya miƙa miki in kin zauna a mota, don ki karanta a hanya. Jikin Inna yana nan yadda yake. Jiya ta sha rabin kofi.

Na karanta taki sau biyu. Ta farko na jefar da ita bayan gado. Ta biyu na ɗauko na ga babu ƙarya a ciki. Haka nake. Ban iya cewa a taimake ni ba, kuma ga inda ya kai ni. To yau zan gwada, ki gani ko na iya.

Amma da farko akwai abin da ban faɗa miki ba, kuma dole ki sani kafin ki shiga ɗakin nan.

Wajen tsakiyar Mayu Inna ta ƙi cin abinci kwana biyu. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta datse baki. Da na rasa dabara sai na maƙe murya irin ta karatun wasiƙa, na ce, "I-Inna, ni ce, ki-ki buɗe baki." Auta, sai ta buɗe. Ta lalubo fuskata tana cewa, "Kin dawo? 'Yar albarka, kin dawo?" Ta cinye tas. Washegari na yi magana da muryata, ta juya wa bango fuska. Sai na sake maƙe murya. Yau wata uku ke nan ban yi magana da muryata a ɗakin nan ba. Shi ya sa nake kashe waya in kin kira.

Kanta ya riga ya rikice, ta haɗa labarinta da kanta. A wajenta Auta ta gama karatu ta dawo, ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci, ita ke juya ta. Babbar kuwa, wato ni, ta gudu wajen haƙoranta ta bar uwarta a kwance. Kullum sai ta sa miki albarka, tana shafa kaina. Kullum sai ta ce, "Ba kamar waccan ba." Ni kuma in ce, "Ha-haka ne, Inna."

Don haka babu mamakin da za ki ba ta. Kin daɗe da dawowa. Abu ɗaya kawai: muryar da ta sani mai in'ina ce. In kika shiga kina zuba magana tiryan-tiryan irin ta gaban mutum arba'in, za ta ɗauka baƙuwa ce, ba za ta ci daga hannunki ba. Ki nemo in'inarki duk inda kika ajiye ta, ki shigo da ita.

Yanzu ga abin da ban iya faɗa ba a watan Maris. Taho. Ki karɓe ni. Na gaji.

Surukin Mai Haƙora ya aiko. Mutane sun fara mayar masa da aiki, yana neman hannu. Ba bencin taga ba, wannan ya wuce. Na baya ne, kusa da wurin wanke kwanuka, inda ake kwaɓa farar ƙasa, inda na fara ina 'yar shekara ashirin da biyu. Zan riƙa ce wa mai haƙoran akuya ranka ya daɗe. Ban san ko yatsuna za su farfaɗo ba. Na amsa masa duk da haka, don in na ƙara shekara a bakin bahon wanki, ko na bayan ba zan samu ba. Ran Litinin zan fara.

Motar da za ta sauke ki ita za ta juya da ni. Direba yakan tsaya minti ashirin ya sha shayi, za mu gaisa a tasha. Maman 'Yan Biyu za ta zauna da Inna har ki ƙaraso. Na rubuta komai na manna a bayan ƙofa: lokutan magani, yadda ake ɗaga ta ta ɓangaren dama, yadda ake juya ta duk awa biyu kada bayanta ya yi gyambo. Da ƙaramin cokali take karɓa, mai lanƙwasasshen hannu. Ƙafar gadonki na sa an gyara tun watan Maris.

Kin ce sati biyu aka ba ki. Na ji. Abin da zai biyo bayan sati biyun ban san shi ba, kuma ba ni zan yanke miki ba. Zan riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Wannan karon ba da fushi nake faɗa ba, kuma babu komai a ƙarƙashinsa: ki duba ki ga abin da za ki iya. Na san abin da teburin nan yake a wajenki. Babu wanda ya fi ni sani.

Ki taho da gwangwanin, nawa ne. Su ne aikin farko da na gama da hannuna.

Ɗazu da rana, bayan na gama shirya jakata, na zauna kusa da ita. Na so ko sau ɗaya ta sallame ni da alheri kafin in tafi. Na ɗauko wata tsohuwar takarda na riƙa motsa ta don ta ji ƙara, na ce da muryarki, "I-Inna, Yaya ta aiko wasiƙa. Ta ce tana gaishe ki, ta ce ki yafe mata, ki sa mata albarka a aikinta."

Ta juyo da fuskarta wajena. Can ta lalubo hannuna, wannan mai yatsu ukun, ta riƙe gam.

Ta ce, "Ki ce mata haƙoran da ta yi mini ma ba su zauna ba."

Sai mun haɗu a tasha.

Yayarki